Wayar Gindin Famfo

Katanga ɗaya ce tsakanina da su, kuma ba ta da tsawo. Idan na hau kekena bakin taga ina ɗinki, duk abin da aka faɗa a tsakar gidansu sai ya shigo kunnena, ko ina so ko ba na so. Shi ya sa duk wanda ya zo mini da zancen wai sakacin Maman Direba ne ya kashe ɗanta, nakan ajiye almakashi in ce masa ya ji tsoron Allah.

Yaron bai isa shiga makaranta ba. Direba muke ce masa saboda wata jar motar roba da yake ja da igiya, yana ƙugi da baki, yana yi wa kaji oda. A tsakar gidan akwai injin jan ruwa, wayar wutarsa ta bi ƙasa ta gindin famfo, daidai inda ruwa ke kwanciya. Rana ta cinye robar wayar har jan ƙarfen ya fito. Da kunnena na ji uwar tana cewa, "Baban Direba, wayar nan ta ja ni yau da nake wanke-wanke." Ya ce za a kira mai gyara. Ta sake faɗa, ta kuma sake, har Hajiya, uwar mijin, ta ce ita kam ba ta taɓa ganin mace mai ƙorafi irin wannan ba.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, injin yana aiki. Hajiya ta kira surukarta ɗaki ta shafa mata man zafi a gwiwa. Direba ya ɗauki motarsa ya tafi gindin famfo zai wanke ta. Ko kuka bai yi ba.

Kafin masu ta'aziyya su cika gidan, na hango uban yaron ta kan katanga, tsugune, yana naɗe wayar da baƙin tef. Da yamma ta yi, labari ya riga ya canza kaya. Wai uwar barci take yi da rana tsaka, yaro ya zame a santsi ya bugu. Na shiga na ce ba haka aka yi ba. Hajiya ta dube ni sama da ƙasa ta ce tela aikinta ɗinki ne, ba shaida ba.

Daga nan Maman Direba ta fara lalacewa a kan idona. Ta daina zuwa gindin famfo kwata-kwata, ta kan katanga nake miƙa mata ruwa a bokiti. Da zarar an tayar da injin sai jikinta ya ɗauki ɓari, ta suri Ƙarama, ƙanwar marigayin, ta shige ɗaki ta danna sakata. Yarinyar ta fara tatata, tana son a sauke ta, amma wuni take a goye, tana zillo, har bayan uwar ya yi ƙuraje. Abinci sai ta tsakura ta ture. Wuyan rigunan da na ɗinka mata duk ya yi mata yawa.

Su kuma mutanen gida kowa da nasa bayanin. Hajiya ta ce rashin tawakkali ne, ai ba a kanta aka fara mutuwar ɗa ba. Mijin ya ce laifinta ne ke cin ta. Aka kwashe kayan yaron aka bayar, aka jefa motar a bola, aka kuma hana kiran ta da sunan da ta saba amsawa, wai yana tayar da hankalin Hajiya. Ta koma "ke" da "yarinyar nan". Na je bola na tsinto motar na wanke na ajiye a ƙasan kekena. Maman Direba ta taɓa kashe wutar injin daga akwatin wuta, washegari Hajiya ta sa aka yi wa akwatin kwaɗo. Ta taɓa ɗaukar Ƙarama ta tafi gidansu, mahaifinta ya dawo da ita kafin rana ta faɗi, ya ce haƙuri ake yi da aure.

A asibiti aka gano halin da take ciki. Ta kai Ƙarama allura, aka tayar da janareto a bayan taga, ta yanke jiki ta faɗi a layi. Wata nas mai kirki ta tura ta wurin likitar da ke kula da masu firgici da damuwa. Na yi mamakin yadda mijin ya amince da wuri. Daga baya na gane abin da yake nema shi ne likita ta faɗa da bakinta cewa matarsa ta taɓu.

Maman Direba ce ta ba ni labarin zuwan farko. Ta ce ɗakin ba kamar ɗakin likita ba ne. Babu gado, babu allura, babu tebur a tsakani. Kujeru ne masu tsawo ɗaya, da butar ruwa da kofi, da wata shuka a tukunya bakin taga. Likitar dattijuwa ce mai tabarau, mai magana a hankali. Ta nuna mata kujerar da ke kallon ƙofa, ta ce ta zauna a nan don ta riƙa ganin hanyar fita, kuma duk lokacin da ta so tashi ta tashi.

Duk tambayar da aka yi mata, mijin ne ya amsa. Barci? Ba ta yi. Abinci? Taurin kai ne. Likita ta bar shi ya gama, sannan ta ce, "Malam, na gode ƙwarai. Akwai benci a waje, ka ɗan huta."

"Ai ba ta da abin da za ta ɓoye mini."

"Ban ce tana da shi ba. Haka nake aikina da kowa."

Da ya fita, likitar ba ta matsa wa Maman Direba da tambaya ba. Ta zuba mata ruwa, suka yi zaune. Can ta ce, "'Yata, da wane suna kike so in kira ki?"

Ta ce, "Maman Direba." Sai kuka ya ƙwace mata, irin wanda aka hana ta yi a gida. Likitar ba ta ce ta yi haƙuri ba, ba ta ce ya isa ba. Ta matso da kujerarta kaɗan ta jira.

Mijin bai daɗe ba ya gaji da zaman benci, rakiyar ta dawo kaina. Nakan rufe keke in goya Ƙarama mu tafi. Wani lokaci Maman Direba takan ce in shigo, likitar ta tambaye ta ko ta tabbata, sannan in zauna a gefe in kama bakina, abin da ba ƙaramin aiki ba ne a wurina.

A nan na ga yadda matar ke aiki. Ba ta taɓa cewa a ba ta labarin ranar ba. Ta ce labarin yana nan, ba zai gudu ba, sai an fara samun wurin tsayawa. Idan ɓarin ya taso, takan ce, "Dafa ƙafafunki a ƙasa, ki ji ƙasan. Ja numfashi ta hanci. Yanzu sake shi a hankali, kamar kina hura shayi mai zafi. To, dubi ɗakin nan ki faɗa mini abin da idonki ke gani, da babbar murya." Sai ta fara: ga labule, ga kofi, ga takalmin Yaya Tela. Kafin ta gama zagaye ɗakin, hannunta ya daina rawa.

Wata rana Maman Direba ta tambaya ko haukacewa take yi. Likitar ta girgiza kai. "Jikinki maigadi ne da ya taɓa ganin ɓarawo. Yanzu ko kyanwa ta gifta sai ya yi ihu. Ba korar sa za mu yi ba, so muke ya gane kyanwa ya gane ɓarawo." Ta kuma tambaya ko akwai wani abu na yaron da ya rage. Zuwa na gaba na kawo motar a jakata. Maman Direba ta rungume ta, ta ba mu labarin yadda yake cewa kaji ba su da lasisi, har ta yi dariya. Rabona da jin dariyarta tun kafin rasuwar.

Sauƙi ya fara samuwa, sai mutanen gida suka samu makami. Likitar ta taɓa kiran mijin ta nuna masa yadda zai taimaka: idan abin ya taso ya zauna kusa da ita, su ja numfashin tare, kada ya yi mata faɗa. Shi kuma ya je ya ba Hajiya labari. Daga ranar, Maman Direba ba ta ƙara kai ƙarshen magana a gidan ba. Ta ce, "Baban Ƙarama, wayar nan..." sai ya ce, "Ja numfashi." Ta ce wa Hajiya a kashe injin yarinya za ta sauka, sai a ce, "Ja numfashi, likita ta ce." Ko gishiri ta tambaya inda aka ajiye, haka za a ce mata. Gwaggon yaran, yayar mijin, idan ta zo takan kama hanci ta hura baki tana kwaikwayon ta, su yi ta dariya. Ina kan keke ina ji, zuciyata kamar ta fashe.

Maman Direba ta koma baya fiye da da. A zuwa na gaba, da likitar ta ce ta ja numfashi, sai ta toshe kunnuwa ta ce, "Don Allah kar ki ce mini haka, ke ma." Ni na yi bayani, don ita ta kasa. Likitar ta cire tabarau. Na ga ranta ya ɓaci, amma muryarta ba ta tashi ba.

"Na ba shi abin da zai riƙe ki da shi, ya toshe miki baki da shi. Ya kamata in fara tambayar ki kafin in kira shi. Ki yafe mini." Sannan ta ce, "Me kike son faɗa duk lokacin da suka katse ki?"

"Wayar."

"Wace waya?"

A ranar ta ba da labarin tun daga farko, tana tsayawa tana dafa ƙasa tana ci gaba. Da ta gama, likitar ta ce, "Wayar tana ina yanzu?"

"Tana nan. Tef aka naɗa mata. Har ya fara ɗagowa."

"Ƙarama kuma tana koyon tafiya."

"E."

Likitar ta jingina da kujera. "To, ba kyanwa maigadinki yake yi wa ihu ba. Ɓarawon yana cikin gida har yanzu. Ba zan koya miki daina tsoron abin da ya kamata a ji tsoronsa ba." Ta tambaye ta ko ta yarda a kira mijin, ta ce ta yarda, amma in zauna.

Ya zo da farar riga yana murmushi, a zatonsa maganar da yake jira za a faɗa masa. Da ya ji zancen waya sai fuskarsa ta haɗe. Ya ce an naɗe ta. Likitar ta ce tef ba gyara ba ne. Ya ce mai gyara ba ya samuwa. Na ce akwai a layinmu, yau ma zai zo. Ya harare ni. Ya ce injin na Hajiya ne, ba a taɓa mata kaya. Da uzuri ya ƙare masa, sai gaskiya ta fito da kanta.

"Idan na kira mai gyara yanzu, me mutane za su ce? Ya zo ya gani, ya fita ya baza a layi? So kike in tsaya a gaban jama'a in ce ni na kashe ɗana?" Muryarsa ta karye, idonsa ya kawo ruwa. Wallahi a lokacin na tausaya masa.

Likitar ta ce, "Malam, ba mai laifi nake nema ba. Kai ma ɗa ka rasa, kuma na ga ba ka samu wurin kuka ba. Kujerar nan tana nan idan kana so, kai kaɗai. Amma akwai yarinya mai koyon tafiya a gidan. A canza wayar, sauran magana ta biyo baya."

Ya share ido da hannun riga, ya zama wani mutum daban. Ya ce shi ba wannan ya kawo shi ba. Sun yanke shawara Gwaggo za ta ɗauki Ƙarama, don uwar ba ta da lafiyar riƙon ɗa, kuma yana so likita ta tabbatar wa Hajiya da haka.

"Ba zan faɗi haka ba, don ba gaskiya ba ne. Ban ga uwar da ke tsare 'yarta kamar wannan ba. Kuma ka sani zan sanar da ofishin kula da yara maganar wayar, ba zan yi a bayan idonka ba."

Daga ranar aka hana ta zuwa, wai likita tana zuga ta. Mutumin ofishin ya zo, aka shimfiɗa masa tabarma, aka ba shi lemo mai sanyi, ya leƙa sabon tef daga nesa ya tafi. Mai gyaran da na turo kuwa ko zaure bai wuce ba, Hajiya ta ce ba a kira shi ba.

Gwaggo ta zo ɗaukar yarinyar da la'asar, da jakarta a hannu. Ina tsaye a kan turmina ina kallo ta kan katanga, ban ɓoye ba. Hajiya na kan kujera, mijin na tsaye jikin bango, injin yana ta ƙugi. Na san da gangan aka tayar da shi, don Gwaggo ta ga yadda uwar ke yi.

Ƙofar ɗaki ta buɗe. Maman Direba ta fito da goyo, jikinta na ɓari kamar mai zazzaɓi. Ta tsaya a tsakiyar gidan, wurin da ta daɗe ba ta taka ba. Na ga ta gyara tsayuwa ta dafa ƙafafunta, ta ja numfashi ta hanci ta sake shi a hankali. Sai ta fara, da babbar murya, yadda aka koya mata.

"Ga bokiti. Ga igiyar shanya. Ga famfo. Ga ruwa kwance a gindinsa. Ga wayar wuta a cikin ruwan, an naɗe ta da baƙin tef."

"Kin gani ko?" in ji Hajiya ga Gwaggo. "Ke, ja numfashi!"

"Na ja, Hajiya." Ta sake ja a gabanta, ta sake. "Ba barci nake yi ba ranar. Gwiwarki nake shafawa. Da na ɗaga Direba daga cikin ruwan nan, hannuna warin man zafi yake yi, har jikinsa ya ɗauka. Na faɗa muku wayar tana ja, kuka ce ƙorafi ne. Sunana Maman Direba, ku daina ce mini ke."

Injin kawai ke ƙara. Ta juya ga mijinta.

"Baban Direba, ba na son ka ce komai a gaban kowa. Ban ce ka amsa laifi ba. Ka kira mai gyara yau, in sauke yarinyar nan ta yi tafiya a gidan ubanta."

Ya dubi wayar, ya dubi uwarsa. Hajiya ta kafe shi da ido. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wayar ba ta da komai."

Maman Direba ta daɗe tana kallon sa. Sannan ta juya ga Gwaggo ta ce, "Yaya, gidanki akwai injin ruwa?"

Gwaggo ta ce, "A'a, mu saye muke yi."

Maman Direba ta kwance zanen goyon da hannunta. Ta sumbaci yarinyar a goshi, ta faɗa wa Gwaggo ba ta son ruwan wanka mai zafi sosai, kuma sai an shafa mata baya take barci. Ƙarama ta riƙe wuyan rigarta tana tsala ihu, ita ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Gwaggo ta karɓa ba ta iya haɗa ido da ita ba, dariyar hura baki duk ta gudu. Har suka fita layi muna jin kukan.

Yanzu a gidan cewa suke yi ta samu sauƙi. Hajiya tana gaya wa baƙi cewa ta ba da yarinyar da kanta ba tare da rigima ba, ashe likitar ta iya aiki. Maman Direba takan shigo wurina da rana ta zauna a gefen keke tana taya ni sa maɓalli, motar a cinyarta. Wani lokaci mukan kira likitar a wayata su yi magana, kuma har yau tambayarta ta farko ita ce ko an canza wayar. An ce Ƙarama ta iya tafiya sosai, har gudu take yi. Uwarta ba ta ga ranar da ta fara ba.

Ana ta neman magani ga wadda ta faɗi gaskiya, masu ciwon kuwa suna zaune lafiya suna ba da shawara. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sun sani. Jiya da safe injin yana aiki, mijin ya fito da buta ya nufi famfo ƙafa ba takalmi. Na ji Hajiya ta yi ƙasa da murya, don kada a ji ta bayan katanga.

"Kai, dawo ka sa takalmin roba. Kada ka taka ruwan nan."